Ranar da Aka Hana Aku Magana

Aku tana tsaye a falo tana guge siket ɗin da za ta sa ranar tantancewa, bakinta kuwa bai huta ba. Ta maƙe murya tana kwaikwayon jami'in ofishin ba da shawarar aiki na jami'arsu, mutumin da ya koya musu rubuta sibi, takardar bayanin mai neman aiki, da yadda ake zama gaban masu ɗaukar ma'aikata.

"Ban da harɗe ƙafa, ban da tauna biro, ban da 'e to' in an yi tambaya," in ji ta, tana tura tabarau na ƙarya saman hanci.

Umma ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Tun tana ƙarama aka laƙaba wa yarinyar Aku, don ba muryar da za ta wuce ta kunnenta ba ta kwashe ba.

Sallamar Anti ce ta katse dariyar. Anti yayar Dogo ce, saurayin Aku, wanda maganar aurensu ta riga ta je gaban manya. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ita ta ɗauki nauyin karatunsa, kuma ba ta taɓa barin duniya ta manta da hakan ba.

Aku da Dogo ajinsu ɗaya a sashen tattalin arziki, tare suka gama. Wani kamfanin nazarin kasuwanni ya zo jami'ar neman sabon jini, gurbi ɗaya tal. Aka yi jarrabawar lissafi a kwamfuta, aka tace, su biyun suna cikin waɗanda suka tsallake. Abin da ya rage shi ne tattaunawar rukuni, inda ake zaunar da masu nema a teburi ɗaya, a jefa musu matsala, a koma gefe ana kallon wa ke da kai.

Anti ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta ƙi shan ruwan da aka kawo. Ta ce ita ba azzaluma ba ce, ba za ta ce Aku ta janye ba, kada gari ya ɗauka tilasta mata aka yi. Abin da take so shi ne Aku ta je, ta zauna, ta yi murmushi, amma ta kama bakinta.

"Mata ta shigo gida da albashi, miji yana yawo da fayil a hammata? Ba a gidanmu ba. In ta ɗauki aikin nan, Umma, maganar aure ta koma baya."

Aku ta ajiye dutsen guga. "Anti, shi Dogon ya san da wannan maganar?"

"Akwai abin da ake yi a gidanmu da bai sani ba?"

Bayan tafiyarta Umma ta yi ta lallashi. Ta ce aiki yana zuwa yana tafiya, amma yaron kirki irin Dogo ba kullum ake tsintarsa ba, ta yi haƙuri ta sha wannan. Aku ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ta gwada turo baki irin na Anti, ta ce "ba a gidanmu ba," sai muryar ta karye a tsakiya, hawaye suka biyo.

Ba Anti ce ta fi ƙona mata rai ba. Wa ya hana Dogo kallon takalminsa in yana magana? Ita. Wa yake zama a ƙarƙashin bishiyar sashe yana zama masa manaja mai fushi, yana zama masa tsohuwar akanta mai kurman kunne, har harshensa ya sake? Ita. Ashe tana wasa masa baki ne don a rufe nata. Ya kira wayarta ya gaji, ba ta ɗaga ba.

Ranar tantancewa aka shigar da su wani ɗaki mai sanyin iyakwandishan, da dogon teburi da robobin ruwa. Masu tantancewa suna jikin bango da takardu a cinya, shugabarsu wata dattijuwa ce mai kallon mutum ta saman gilashi. Ta karanto matsalar. Wani kamfanin sabulu ne kayan haɗi suka yi masa tsada, in ya ƙara farashi masu saye za su gudu, in bai ƙara ba zai durƙushe. Mece ce shawara?

Wani mai jan nektayi ya cafe maganar kamar don shi aka zo. Ya kwararo duk kalmomin da ya haddace tun ajin farko, yana buga teburi da ɗan yatsa, ya ce a ƙara farashi kawai, ai dole mutane su yi wanka. Wata ta ce a rage ma'aikata. Dogo ya kawo nasa a natse, ya ce a nemi kayan haɗi na kusa. Aku kuwa ta haɗa hannuwa tana murmushin da aka umarce ta. Wannan fa shi ne furojet ɗinta na ajin ƙarshe, binciken da ta yi shago-shago.

Dogo ya dube ta, ya sake dubanta. Aku a teburin magana, ba ta ce uffan ba? Shugabar ta duba agogo ta ce lokaci ya kusa.

"Kafin mu rufe," in ji Dogo, "akwai wadda ta yi bincike a kan ainihin wannan, kuma ba mu ji daga gare ta ba."

Ta galla masa harara. "Ba ni da abin cewa."

"Kina da shi. Ni na raka ki shagunan, ni na riƙe miki laima."

Duk ɗakin ya juyo gare ta. Ta ga mai jan nektayi yana murmushin raini, sai wani abu ya tsinke mata. Ta ce mai sayen sabulun nan ba da albashin wata yake zuwa shago ba, da cinikin ranar yake zuwa. Ta lanƙwasa murya ta zama uwar gida tana cewa a yanka mata rabi, ta kumbura ta zama mai shago yana rantsuwar ba shi ya ƙara kuɗi ba. Dattijuwar ta rufe baki da takarda tana dariya. Sannan Aku ta dawo muryarta ta kanta, ta nuna cewa a fito da ƙaramin sabulu daidai aljihun mai cinikin yini, babban kuma a ƙara masa kaɗan, don masu sayensa ba sa gudu. Birori suka yi ta gudu a kan takarda.

A baranda Aku ta tare Dogo, idonta jajur. Ta tambaye shi wane irin wulaƙanci ne wannan, ya aiko yayarsa ta ɗaure mata baki, sannan ya zo gaban mutane yana nuna shi mai kirki ne?

Dogo ya tsaya kamar an dasa shi. Sai da ta maimaita masa maganar Anti kaf, har da turo bakin, sannan ya zauna a kan benci ya dafe kai.

"Wallahi yanzu nake ji. In na ci aikin nan da shirunki, da wane ido zan dube ki kowace safiya?"

Aku aka ɗauka. Anti ta dira gidan Umma tana kumfar baki, ta ce an yaudare ta, an tozarta ƙaninta. Tana cikin faɗa Dogo ya yi sallama. Ya durƙusa gabanta, ya ce bai manta da wahalarta ba, kuma ba zai manta ba.

"Amma Anti, kin kai ni makaranta ne don in tsaya da ƙafata. Ba don a gurgunta wata a ce na yi tsere ba."

Anti ta ce to ta cire hannunta, su je su yi aurensu ta gani. Manya suka ce ba za a yi ba da fushin wadda ta raine shi, aka jingine magana.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Dogo yana koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta da safe, da yamma yana koyon manhajar sarrafa bayanai. Ya je intabiyu ya faɗi, ya sake zuwa. Dangi suna kiransa mijin Hajiya tun kafin a ɗaura. Aku kuwa duk ƙarshen mako sai ta je gaida Anti, a amsa mata da ƙeya, ta share tsakar gida ta dawo. A hanya takan ciji leɓe don kada ta kwaikwayi kowa.

Daga baya wani bankin ƙananan manoma ya ɗauki Dogo a sashen nazarin bashi. Shi kaɗai ya shiga, da bakinsa ya ci. Ranar da ya fara aiki Anti ta zo gidan Umma ba jaka ba faɗa. Ta ce tsoro ne ya sa ta, tsoron kada a raina yaron da ta sha wuya a kansa. Ta kamo hannun Aku ta ce a sa rana.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Duk wanda zai ce ki dushe don shi ya haska, ba sonki yake ba. Dangi kuma su sani, ba a ɗaga ɗa ta hanyar danne 'yar wani. Masoyan da suka yi haƙuri a kan gaskiya, ba su raina manya ba kuma ba su binne baiwar juna ba, su ne suke shiga gida kowa kansa a ɗage.