Muryar da ke Bayan Zarto

"Yaya, injinka ya ƙi ni."

Haka saurayin kafintan ya faɗa a hankali, shi kaɗai a shago, rana na gab da faɗuwa. Tun da aka binne yayansa, injin zarton nan bai ƙara yanka katako daidai ba. Ka ja masa layi, shi kuma ya bi gefe kamar akuyar da ta hango ganye. Ga matar yayan ta kusa haihuwa, gadon jaririn da marigayin ya fara yana jingine da bango, ba a gama ba.

Ya zare filogi ya ajiye a ƙasa, ya buɗe murfin injin. Tayoyi biyu ne, sama da ƙasa, ruwan zarton ya zagaye su kamar bel. Ya ɗaure notin sama, ya kaɗa ruwan da farce ya saurara, yadda yayan ke yi. Ƙarar ta fito a mace.

Mai walda na maƙwabta ya leƙo. "Ƙaramin oga, magariba ta kawo kai fa. Ko injin za mu ɗaura maka aure da shi?"

"Yanzu zan tashi, Baba."

Takun tsohon ya yi nisa. Layin shagunan ya yi tsit. Sai ƙamshin sabon yankan katako ya cika shagon, alhali ranar ko sili bai yanka ba.

"Ƙara ɗaurewa."

Daga bayan injin maganar ta fito, inda babu komai sai bango. Muryar yayansa ce, har da 'yar shaƙewar nan ta ƙurar katako.

Hannunsa ya bi umarni, ya ƙara ɗaure notin. Ya sake kaɗa ruwan. Ƙarar ta tashi garau.

"Yawwa, auta. Juya taya."

Ya juya da hannu. Ruwan ya hau tsakiyar tayar ya zauna daram. Hawaye suka zubo masa.

"Saura na ƙasa. Sa hannu."

Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin tebur, wajen ƙananan ƙarafan da ke riƙe ruwan. Haƙoran zarton suka taɓa wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau.

"Ƙara ciki."

"Yaya, ai na kai."

"Ƙara."

Sai ya dakata. Yayansa bai taɓa barinsa ya kai hannu nan ba sai ya tambaya, "Ka cire wuta?" Ko da idonsa ya ga an cire, sai ya tambaya. Wannan bai tambaya ba.

Ya juya ido kawai.

Filogin yana cikin bango.

Makunni ya yi ƙas.

Ya fizge hannu. Injin ya kwarma ihu, ya kece hannun rigarsa har gwiwar hannu. Da rarrafe ya fita, a'uziyya na sarƙe masa a baki. A bayansa, cikin ƙarar, wani ya ja dogon tsaki, irin na wanda aka janye wa kwano yana tsaka da ci.

Sai da rana ta take washegari ya dawo, tare da mai walda, wai ya taya shi ɗaga katako. Injin a kashe yake.

Tun ranar zarton ke bin layi, ko gashi ba ya kaucewa. Ya gama gadon. Matar yayan ta shafa gefensa ta ce, "Wallahi kamar hannunsa."

Yanzu tun la'asar yake rufe shago. Amma wani lokacin, in ya sa kwaɗo, sai ya tsinci kansa a tsaye, kunne manne da ƙofa. Ya san ba yayansa ba ne. Sai dai muryar tasa ce, kuma babu wani wurin da ya rage da zai ji ta.

Har yau bai gaya wa kowa ba.