Maɓallan Kanta ta Uku

Ranar da suka fara haɗa ido, a tsugune take a bayan kanta ta uku ta wani babban shago da ɗan littafi a hannu, tana lura da sau nawa kashiya ke danna maɓalli kafin ta sallami mutum ɗaya.

"Baiwar Allah, in ɓuya kike yi, sito ya fi nan sirri," in ji wani saurayi da ke rungume da katan ɗin sabulu.

Ta ɗago da niyyar harara, sai dariya ta ƙwace mata. Shi ne mai kula da sito. Ita kuwa kamfanin da ke da shagon ne ya ɗauko ta ta jagoranci mutum biyar su sake fasalin manhajar da kashiyoyi ke aiki da ita a rassa arba'in. Kafin mako ya zagayo ya laƙa mata suna 'Yar Maɓalli, ita kuma tana kiransa Mai Sito. Duk lokacin hutu sai wayarta ta yi ƙara.

"'Yar Maɓallina, na duba kayan sito kaf, babu abin da ya ɓata sai hankalina. An ce a wurinki aka gan shi."

Matsalar ɗaya ce, kuma a kanta ta uku take zaune. Kashiyar da ta fi kowa daɗewa, shekara goma sha takwas a kujera ɗaya, ita ce mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama. Da ya kai mata maganar aurensu, kicin-kicin ta yi da fuska.

"Duk matan duniya ka rasa sai wadda aka turo ta raba ni da aikina? Ba da yawuna ba."

'Yar Maɓalli ta ji zafin maganar, amma ta ce a ranta in Mama ta ga sabon tsarin za ta sauko. Wata uku ta yi tana ƙawata shi, har tana jin babu kamarta.

Ranar gwaji aka zaunar da Mama a ƙaramin ɗaki gaban sabon allo, kyamara na ɗauka. Yatsanta ya tafi kusurwar dama da saurinsa na kullum, ya tarar babu komai a wurin. Ta sake dannawa. Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ja baya, ta sake matsowa.

Nan 'Yar Maɓalli ta gane. Ashe Mama ba karanta allo take yi ba. Idonta ya yi rauni tun tuni, yatsunta ne suka haddace mazaunin kowane maɓalli, ita kuma ta zo ta kwashe su duka ta canza musu wuri. Ta miƙa hannu ta kashe kyamarar. Ba ta lura manajan reshe na tsaye a bayan gilashin ƙofa ba.

Manajan nan dama sau biyu yana yi wa 'Yar Maɓalli tayin kai ta gida a motarsa tana ƙi. Ya kira ta ofis.

"Ki turo min bidiyon gwajin da sunan kowa. Daraktoci na son a rage masu nawa."

"Ranka ya daɗe, na sa hannu a takarda cewa manhaja muke gwadawa, ba mutane ba. Ba zan bayar ba."

"To ki sani ni zan rubuta ko aikinki ya yi ko bai yi ba."

Washegari aka miƙa wa Mama takardar gargaɗi. Da azahar saƙon Mai Sito ya shigo wayar 'Yar Maɓalli, babu sunan wasa a ciki.

"Manaja ya ce ke kika kai rahoton Umma. Na ɗauka kin san mece ce ita a wurina. Kada ki sake nemana."

Ta kira sau shida bai ɗauka ba. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta ya ishe ta, ta wanke fuska, ta tara mutanenta biyar.

"Saura kwana huɗu daraktoci su zo. Za mu rushe allon farko."

"Aikin wata uku fa!" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Aikin wata uku ne da ya sa gwanar shekara goma sha takwas ta zama baƙuwa. Laifina ne, ni zan amsa."

Suka mayar da kowane maɓalli mazauninsa na da, suka ƙara girman rubutu, suka ba kowanne ɗan sautinsa daban.

Ranar Alhamis daraktoci suka cika gaban kanta. Manaja ya ce a kawo matashiyar kashiya ta nuna aikin. 'Yar Maɓalli ta yi ta maza ta ce a'a, Mama take so. Ta durƙusa kusa da kujerarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, ki bi hannunki kawai. Komai yana inda kika bar shi."

Mama ta daɗe tana dubanta. In ta kasa a gaban waɗannan mutane, su biyun ne za su fita ta ƙofa ɗaya, kuma duk sun sani. Mai Sito na tsaye can baya ya harɗe hannuwa.

Yatsan farko ya sauka, sauti ya amsa. Na biyu ya bi. Daga nan hannun Mama ya saki jiki, kaya na wucewa, ta sallami kwando guda kafin babban darakta ya gama gyara tabarau. Ya tambaya ko wa ya ba da wannan shawara.

"Ita ce ta koya mana, ranka ya daɗe," in ji 'Yar Maɓalli.

Mama ta juya wurin manaja. "Kai ka ce yarinyar nan ta kai ƙarata. Yarinya, kin kai?"

"Ban kai ba, Mama. Ya nemi bidiyon na hana."

Manaja ya shiga gyaran wuyan riga. A nan take darakta ya karɓi takardar gargaɗin ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce manaja ya same shi a ofis.

Da aka watse Mai Sito ya matso yana sosa ƙeya. "Ki yafe min, Maɓallina. Na yarda da bakin wani, ban tambaye ki ba."

"Sai na yi tunani," ta ce, hawaye da murmushi na rige-rige a fuskarta.

"Yi tunaninki a hankali, 'yata," in ji Mama, ta kamo hannunta. "Kin ga abin da ko ɗan cikina ban gaya wa ba, kika rufa min asiri. Asabar ki raka ni asibitin ido. Lahadi kuma kawunnansa za su je wurin Babanki."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mama, da sabon tabarau a fuska, ta riƙe kan amarya ta ƙare mata kallo.

"Ashe haka kike da kyau! Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya amsa da amin.