Wuƙa Ɗaya a Bayan Kwale-kwale

Ranar Lahadi da ƙarfe uku na yamma, duhun hunturu ya riga ya rufe garin Bodø na can arewacin duniya, Torunn ta zuba wa mahaifiyarta Gunvor kofi ta ce, "Mama, Sindre ya nemi aurena."

Gunvor ta daina yanka burodi. "Ɗan Halvard? Sai dai bayan raina!"

"Haba Mama! Shekararsa shida fa a lokacin."

"Wuƙa ɗaya aka samu, Torunn. Ɗaya!"

Tun zamanin kakanni, idan kwale-kwale ya kife, masunta kan hau bayansa, kowa ya caka wuƙarsa a katako ya riƙe. Su biyu suka fita kamun kifi wata rana a shekarun baya, mahaifin Torunn da Halvard. Aka tsamo Halvard a ruwa da ransa, ba a sake ganin ɗayan ba, kwale-kwalen kuma ya iso gaɓa da wuƙar mijin Gunvor kaɗai. A wurinta magana ta ƙare: Halvard bai tsaya ba, ta kansa ya yi. Ya yi ta zuwa ƙofarta ba ta buɗe ba, har ya gaji ya koma arewa. In iska ta taso, Gunvor kan rantse tana jin ana tuƙa kwale-kwale a ƙarƙashin tagarta.

Torunn ta sha kuka. Ta ce wa Sindre, "Mu je kawai a ɗaura, wa zai hana mu?"

"Mu tare, uwarki na kuka? A'a. Mu jira."

"Har mu yi furfura ke nan!"

"Zan so ki da furfurar."

Bazara biyu suka wuce. Da ƙanwar Gunvor ta kwanta ciwo a garin Svolvær, dole uwa da 'ya suka hau jirgin ruwan da ke bin gaɓa, wanda Sindre ke aiki a kai. Baƙi sun cika saman jirgin suna ɗaukar hoton duwatsun da suka tsaya a ruwa, wani na ba su labarin dogayen jiragen mutanen da. Sai hazo ya sauko, kowa ya shige ciki. Saura Gunvor da Torunn, da wani tsoho can jikin ƙarfen gefen jirgin yana kallon ruwa.

"Duk shekara sai Baba ya biyo ta nan, inda abin ya faru," Sindre ya faɗa a hankali daga bayansu.

Gunvor ta taka har gaban tsohon. "Ina wuƙarka, Halvard?"

Ya cire safar hannunsa ta dama. Yatsu biyu suka rage.

"Mijinki ya caka tasa, igiyar ruwa ta buga kansa da katako. Na kama wuƙarsa da hagu, na kama shi da dama. Da wane hannu zan zaro tawa, Gunvor? Na riƙe shi har hannun ya mutu. Ban ma san lokacin da ya zame ba."

Babu abin da ake ji sai ruwa na dukan jirgin. Gunvor ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta rufe shi da nata biyu, ta fashe da kuka.

"Zo nan, ɗana," ta ce wa Sindre. "Da kun yi gaban kanku, da na mutu ban saurari kowa ba. Haƙurinku ne ya kawo ni nan."

An ɗaura auren a watan Agusta, a ƙaramin cocin bakin ruwa. Halvard ya zauna a layin gaba, kusa da Gunvor.