Jan Mayafin Da Ya Hau Tudun Maryamu

"Yau ma ba za ka faɗa ba ke nan?"

Sumbal ta yi maganar ƙasa-ƙasa, idonta na kan kofunan shayin da take ɗaurayewa a bayan mota. Shamoon ya hau goge madubin da ya riga ya goge tun ɗazu.

"Zan faɗa, rabin raina. Lokaci nake jira..."

"Lokaci! Tun Kirsimeti kake jiran lokaci. Ista ta zo ta wuce. Sai na yi furfura irin ta Dadi?"

"Ki rage murya mana..."

"Ni ce ma mai murya? Ni da ko a coci ba a jin amin ɗina?"

Gaskiya ta faɗa. Duk unguwarsu a Rawalpindi an san Sumbal da kunya, sai Allah ya haɗa ta da wanda ya dame ta ya shanye. Shamoon maƙwabcinsu ne, direban ƙaramar bas, ba uwa ba uba. Ba shi da babban da zai shige masa gaba, dole da bakinsa zai tunkari Abbu, mahaifinta. Abin da ya gada kawai shi ne jan mayafin auren mahaifiyarsa, wanda za a yafa wa Sumbal a ka ranar da aka amsa masa. Yana nan naɗe cikin leda a ƙarƙashin kujerar direba. Ga shi an ba shi aiki a Karachi, amsarsa kawai ake jira.

"Ka ji ni da kyau," ta ce. "In muka koma gida ba ka buɗe baki ba, ka kama hanyar Karachinka. Na gaji!"

"Sumbal! Ina sandata?"

Kakarta ce, Dadi. Sumbal ta share ido ta ruga.

Ziyarar ibada iyalin suka fito, Shamoon na tuƙa su. A kufan tsohon birnin Taxila suka fara tsayawa. Abbu na gaba yana nuna ragowar katangu kamar shi ya gina su.

"Nan fadar sarki take. Nan Toma manzo ya tsaya da ƙafarsa!"

"Yaya, duwatsu ne fa," in ji Goggo Parveen, ƙanwarsa, tana fifita da gefen gyale. "Ko inuwa babu. Da Toma ya san zafin nan, da bai zo ba."

"Parveen, bakinki!"

Dadi ta kunna kyandir a kan wani dutse, iska ta kashe. Ta sake, ta kuma kashewa. Sai da Sumbal ta kare shi da tafin hannu. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta.

"In ba ke ba, 'yar nan, wa zai riƙe ni?"

Maganar ta soki Sumbal. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ce ƙafar Dadi, ita ce idonta. Ko ita ce mai son kai da take ƙosawa ta bar gida?

Tana cikin haka ta hango Shamoon ya nufi Abbu, yana murza makullin mota.

"Chacha ji..." ya kira shi, wato baffa. "Akwai wata magana..."

"Faɗi, ɗana."

"Dama... dama... tayar baya ce. Tana son iska."

"To ka sa mata mana!"

Sumbal ta ciji leɓe har sai da ta ji zafi. Taya! A inda manzo ya tsaya gaban sarki, nata gwarzon maganar taya ya iya.

Tafiyar Mariamabad kuwa, garin da ake ziyartar Uwa Maryamu, ba a cewa komai. Kwalbar yajin mangwaro ta kife a cikin kaya. Goggo ta ce a rufe taga, Abbu ya ce a buɗe. Dadi ta tayar da waƙar zabura, kowa ya kama da tasa muryar. Duk sanda Shamoon ya kalli madubi, Sumbal sai ta kau da kai. Ko gurasar paratha da ya miƙo mata ba ta karɓa ba.

Da la'asar suka isa. Jama'a ta cika gindin tudun da siffar Uwa Maryamu take tsaye a kai, kowa da mayafin alwashinsa, masu hidima na karɓa suna yafa mata. Bara da aka yi wa Abbu aiki a ciki, Dadi ta yi alwashin mayafi in ya tashi. Ita ta saya da kanta, ta cusa cikin kaya, ba wanda ya gani.

"Parveen," in ji Dadi, "yana cikin leda a mota. Ki ɗauko ki hau da shi, gwiwata ba za ta iya ba."

Shamoon ya ba Goggo makulli ya tafi nemo ruwa. Sumbal ta zaunar da Dadi a inuwa.

Ya dawo da ruwan ke nan sai Dadi ta ƙanƙance ido tana duban sama.

"Wancan ba Parveen ba ce? Me take miƙawa ja? Ni shuɗi na saya!"

Sumbal ta ɗaga kai. Jan mayafi mai zaren zinariya ya buɗe cikin iska, ya sauka a kan Maryamu.

Gorar ruwa ta suɓuce daga hannun Shamoon.

"A'a! A'a! Na mahaifiyata ne!" Ihunsa ya tsaga taron, da muryar da Sumbal ba ta taɓa jin yana da ita ba. "Na Sumbal ne! Chacha ji, aurenta nake so! Shi zan yafa mata!"

Mai sayar da kyandir ya juyo. Matan da ke addu'a suka juyo. Sumbal ta ja gyale ta rufe fuska, ta so ƙasa ta tsage.

Goggo ta sauko tana haki. Da ta ji abin da ya faru ta dafe ƙirji.

"Ni ina zan sani? Leda aka ce, leda na gani! Bari in koma in karɓo..."

"Tsaya nan!" Dadi ta buga sanda. "Abin da ya hau kan Maryamu ba ya saukowa. Kin taɓa ji?"

Shamoon ya durƙusa, hawaye na zuba. "Dadi, shi kaɗai ta bar mini. Yanzu da me zan zo?"

Duk haushin Sumbal ya narke. Ta ji kamar ta kama hannunsa, kunya ta hana.

Dadi ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dafa kansa.

"Kai da kake kukan ba ka da babba. Uwarka ce ta gaji da jiranka, ta kai maganar inda za a ji. Ni mayafi na yi alwashi, ban faɗi launi ba. Nawa ya cika." Ta juya ga Abbu. "Inayat, kai kuma ka yi shiru?"

Abbu ya yi gyaran murya. "Me zan ce, Umma? Tun Kirsimeti yaron nan yake zuwa yana tambayata lafiyar jikina. Motoci nawa ne a Rawalpindi da na ɗauki tasa? Na ba shi. Amma Karachi..."

"Ba zan je ba, Chacha ji! Na fasa!"

Sumbal ta sunkuya kusa da kunnen kakarta. "Dadi... ke fa? Wa zai riƙe ki?"

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu, sakarya. In na buga sanda ba ki ji ba, shi zai ji. Ai yau mun san yana da kunne da baki."

A ƙarƙashin tukunya aka samo shuɗin mayafin, gefensa ya sha man yajin mangwaro. Goggo ta ce abin kunya ne, a bari a wanke. Dadi ta fizge, ta yafa wa Sumbal a ka.

"Maryamu ta karɓi naki, ke ki karɓi nata."

Sumbal ta fashe da kuka, ƙamshin yaji na shiga hancinta. Can bisa tudu jan mayafin yana kaɗawa.

A hanyar komawa mota Shamoon ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Na dai faɗa, rabin raina."

"Faɗa ka yi? Ihu ka yi! Duk lardin Punjab ya ji ka."

"Shamoon!" Abbu ya ƙwala kira daga gefen bas, yana dukan tayar baya da ƙafa. "Zo nan, surukina. Ashe da gaskiyarka... ta sace!"