Ganyen da Tebano Ya Faɗa

Rakera ta fara ganin Ioteba ne a bayan kicin ɗin makarantar kwana ta tsibirinmu, yana kokawa da aladu a kan bokitin ragowar shinkafa. Shi sabon malamin noma, ita mai girkin ɗalibai.

"Malam, abincin aladu ma sai ka ƙwace?"

"Ƙasa ta fi su yunwa," ya ce da murmushi.

Bai yi ƙarya ba, ƙasarmu farin yashi ce zalla. Kullum yakan haɗa ragowar da ƙayar kifi da ɓawon kwakwa ya binne su zama taki, ita kuma ta shiga ɓoye masa bokitin. Tun ana gaisuwa har ya koma kiran ta Ruwan Samana.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Tebano, ya ce atafau bai yarda ba. Ruwan teku ya kashe ramin babai na gidan su Ioteba, gwazar nan tamu da ba a biki sai da ita.

"Da me zai ciyar da jama'a? Da sharar makaranta?"

Shi wani ma'aikacin jirgin ruwa yake so mata.

Ioteba ya cika tsohon tankin makaranta da taki ya dasa babai. Amma kowane gida da sirrin ganyen da yake zuba wa nasa babai ya zama taki, ɗa kawai ake faɗa wa, shi kuwa teku ta tafi da ubansa tun yana goye. Shukar ta yi ta ramewa, Rakera ma haka, abin tausayi.

"Ruwan Samana, ganyen ya sake yin rawaya. Na gaji, amma ban fasa ba," ya turo mata saƙo.

"Baba ba ya iya tashi. Ya ce ka zo," ta mayar masa.

Tsohon na kwance a tabarma, muryarsa da ƙyar.

"Na leƙa tankinka kafin in kwanta. Takinka ba laifi, mai taurin kai. Ganye biyu ka rasa. Matso."

Ya raɗa masa. Ioteba ya ja baya, idonsa ya cika.

"Baba, wannan ai ɗan gida ake faɗa wa."

"To wa nake faɗa wa?"

Tebano bai ga girbin ba, rai ya yi halinsa. Ranar auren, ɗalibai suka ɗauko babai a kafaɗa, tsofaffi suna ta sa albarka. Rakera ta yanko yankin farko, ta ajiye a kan tabarmar mahaifinta, sannan ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Allah ya bar su tare.