Waɗanda Suka Biyo Ni Gudu

Bayan la'asar na ɗaura takalmina, na ce wa matata Shafa'atu ta ajiye min ruwan randa, kafin magariba zan dawo. Ranar dogon gudu ce. Gasar gudun famfalaki da na sa sunana a Legas ta matso, kilomita arba'in da biyu, ni kuwa ban taɓa kai talatin ba tare da ƙafafuna sun yi min tawaye ba.

A garinmu, nan gefen Dayi, babba ba ya gudu haka kawai. Tun da 'yan bindiga suka fara shigowa, in ka ga ƙato ya sheƙo a guje ba ka tsayawa tambaya, yaranka za ka kwasa ka bi bayansa. Ranar da na fara atisaye sai da na tashi rabin unguwa. Wata tsohuwa ta yar da ƙwaryar furarta, ta faɗi ta gurɗe a hannu. Mai unguwa ya kira ni ya wanke ni tas, sannan ya kafa min sharaɗi: duk inda zan wuce ta gaban gidaje ko masu aikin gona, in ɗaga murya in ce, "Lafiya lau! Motsa jiki ne!" Haka nake yi kamar mai talla, har aka sa min Awaisu Lafiya-Lau.

Shi kuma Malam Sada, tsohon sojan da ke horar da ni a Malumfashi, tasa dokar daban. Ya ce akwai inda mai dogon gudu ke kaiwa jiki ya ƙare ƙaf, zuciya ta fara shirga masa ƙarya don ya tsaya. Kada ka saurare ta, kada ka tsaya, kada ka ɓata numfashi wajen magana. Ni da taurin kai, tasa na fi riƙewa.

Na kama hanyar gonaki da ke ɓullewa wajen Musawa. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi ni tsawo hagu da dama. Zuwa lafiya ƙalau. A dawowa ne jikin ya ƙare. Farcen babban yatsana da ya daɗe da yin baƙi ya fara zugi, na ji danshi a safa. Cinyoyi suka ɗaure. Gumi ya bushe ya bar min gishiri a fuska, ruwan gorata ya ƙare tuntuni. Na dubi yamma, rana ta yi jawur tana shirin faɗuwa.

Sai na yanke ta kufan Unguwar Tsamiya don in rage hanya. Shekarun baya aka far wa unguwar nan da almuru. Waɗanda suka tsira suka koma Funtuwa, ba wanda ya sake kwana a ciki. Kowa ya san ba a bi ta nan da magariba, ni ma na sani. Gajiya ce ta ce min ai wucewa kawai zan yi.

Katangu sun zube, tafasa ta cinye tsakar gidaje. Na ratsa a guje, ban ce uffan ba. Wa zan gaya wa lafiya lau, jemagu? Kuma ko ina so, numfashin babu.

Hayaƙi na fara ji. Hayaƙin kara, da ƙaurin tuwon da aka manta a wuta.

Sai ƙarar taɓarya a turmi. Dum. Dum. Ta tsaya cak.

Wani ƙyaure ya yi ƙara, a unguwar da babu ƙofa ko ɗaya da ta rage.

Na fita daga kufan na faɗa cikin dawa. Nan na ji sawu a bayana. Ba takalmi ba ne, tafin ƙafa ne kan danshin ƙasa. Da farko mutum ɗaya. Sai suka yi yawa. Har da ƙananan sawu masu sauri, irin na yaran da ake ja da hannu. Ba mai kuka, ba mai salati. Haki kawai.

Na ce a raina, to ga ƙaryar da Malam Sada ya faɗa. Na ƙara wuta. Suka ƙara.

Wata mace ta jero da ni ta hagu. Ban juya ba, da gefen ido na gan ta. Goyo a baya, kai ba ɗankwali, ta tattare zani. Ganyen dawa na marin fuskata, ita kuwa in ta wuce ko motsi ba ya yi.

"Malam," ta ce a raɗa. "Sun zo ne?"

Na nemi a'uziyya, ba abin da ya fito sai huci.

"Sun zo ne? Ina za mu?"

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Can gaba na hango fitilar masallacinmu, ladan ya ɗauki kiran salla. Na ji sanyi a rai, sai kuma na tuna wani abu. Gidana ne na farko a bakin gari. Na san Shafa'atu na zaure da kofin ruwa, 'yarmu Sadiya kuma, da ba ta daɗe da iya tafiya ba, kullum ita ke fitowa tarye na.

Waɗannan ba kora ta suke ba. Bi na suke. Sun ga namiji yana gudu bai ce komai ba, suka yi abin da kowa ke yi a ƙasarmu. Inda na shiga, nan za su shiga.

Wata da watanni ina koya wa ƙafafuna kada su tsaya. Yanzu na ce su tsaya, suka ƙi. Wallahi ƙi suka yi. Sai da na cafki karan dawa da hannu biyu, ya tsaga min tafi, na zube kan gwiwoyina.

Sawun suka tsaya. Dukansu, lokaci guda.

Ina jin numfashinsu a ƙeyata, a kunnuwana, wani ɗan ƙarami daidai kafaɗata. Mai sanyi ne. Ƙaurin tuwon nan ya cika min hanci.

Na tattaro ɗan abin da ya rage a ƙirjina.

"Lafiya lau," na ce. "Motsa jiki ne."



"Lafiya lau," matar ta maimaita a hankali. Ta matso. "To me ya hana ka faɗa tun can? Ga shi ka taso mu, mun baro gida."

Na ba su haƙuri, na roƙe su don Allah su koma.

"Ba mu san hanya ba," ta ce. "Za mu jira a nan. In an tashi gudu, sai mu bi."

Na miƙe. Gida na gabana, duk gaɓoɓina na cewa in zura, amma na taka a hankali ina jan Ayatul Kursiyyu kalma-kalma. A duk atisayen da na yi, ban taɓa shan wuya irin ta wannan 'yar tafiyar ba. Ba sawun da ya biyo ni.

Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, amma aljanu kan tare a kufai su ɗauki murya da halin waɗanda suka bar shi. Ya yi min tofi, na sha rubutu. Malam Sada ya ce ƙishirwa ce ta taɓa min kai, kuma ni raggo ne. Ban yi masa musu ba. Legas dai ban je ba, takalman na ba da su. Yanzu ko raka'a za ta wuce ni ba na ɗaga ƙafa, kuma na hana gudu a gidana. An girbe dawar, an sake shuka wata, ta sake yin tsawo har bayan katangata.

Amma ta yaya ake hana yarinya gudu? Jiya da almuru ina dawowa daga gona, Sadiya ta hango ni daga zaure ta sheƙo tana dariya. Cikin dawar na ji an miƙe. Na ƙwala lafiya lau har muryata ta tsage, na sure ta na ƙanƙame. Ta leƙa ta kan kafaɗata, ta daɗe tana kallon gonar. Sannan ta sa bakinta a kunnena.

"Baba," ta ce a raɗa. "Sun zo ne?"