Igiyar Inna Kande

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata tsohuwa, Inna Kande, wadda idanunta suka dushe. 'Yarta ɗaya ce, Lantana, ga ta da cikin fari. Inna ta ci burin ita za ta yi mata wankan jego da hannunta.

A garin akwai wata makauniya, Malama Tabawa, mai koya wa marasa gani zaman gida: a ɗaura igiya daga ɗaki zuwa murhu, a ƙirga taku, a ajiye komai a wurinsa. Ta zo ta ce, "Inna, zo ki koya."

Inna ta ce, "Ni ba makauniya ba ce, hazo ne kawai."

Malama ta sake dawowa. Inna ta ce, "Na ce miki hazo ne kawai! Igiya ai sai akuya."

Lantana ta haihu, ta zo gida wanka. Da safe Inna ta tafasa ruwa, ta ɗauko tukunya, sai ta yi tuntuɓe da turmi. Ruwan ya malale dab da tabarmar da jariri ke kwance.

Ba wanda ya yi mata faɗa. Lantana ta rungumi ɗanta tana hawaye, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri." Sai ta ɗauki ɗanta ta koma gidan gwaggonta da ke maƙwabtaka. Kwana arba'in Inna tana jiyo kukan jikanta ta katanga, wata na yi masa wanka.

Ran nan ta lalubi bango har ƙofar Malama, ta yi sallama a hankali, ta ce, "Tabawa, ga akuyar ta zo. Ina igiyar?"